Riƙon Toka, mage mai farfaɗiya, a gidanmu na Agege

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa aka ba ni riƙon Toka. Mage mai farfaɗiya tana buƙatar wanda za a samu a gida safe da yamma, kullum, babu fashi. A Legas kuwa irin wannan mutum yana da wuyar samu, domin yawancin jama'a tun da duku-duku suke fita don su riga cunkoso, ba sa dawowa sai bayan isha'i.

Wata Bayarabiya da nake yi wa ɗinki ce ta kawo mini maganar. Tana aikin sa-kai a wani gidan ceton dabbobi da ke ɓangaren Lekki, inda ake tara karnuka da kyanwoyin da aka tsinta a titi, a yi musu magani, a nema musu masu so. Ta daɗe tana ganin ina zuba wa kyanwoyin layinmu kan kifi a bayan ɗaki. Rannan tana gwada riga sai ta ce suna da wata mage mai launin toka, ba ta fi shekara 2 ba, an tsince ta a bakin titi da tsohon tabo a ka, kuma tana faɗuwa. Wurin nasu ya cika, haushin karnuka ba dare ba rana, ma'aikatan ba su da yawa, babu wanda zai tsaya a kanta. Suna neman wanda zai riƙe ta na wasu watanni har ciwon ya lafa, a samu wanda zai ɗauke ta dindindin.

Sai da na nemi izinin maigida. Shi a kasuwar Mile 12 yake sayar da albasa, kuma mutum ne mai sauƙi. Ya ce, "In dai ba za ta hana ki aikinki ba, kuma Hajiya ta yarda, ni ba ni da ta cewa." Hajiya, mahaifiyarsa, tare muke zaune. Da na durƙusa na faɗa mata, sai ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "Ke 'yar nan, mutum da hankalinsa ya ɗauko wa gidansa mage mai iska? Ga yara a gida?" Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri mu ji ta bakin likita tukuna. In ya ce akwai cutarwa ga yaran, wallahi ba za ta kwana a gidan nan ba." A kan haka ta yarda, ba da son ranta ba.

Kafin su ba ni ita, mutum biyu suka zo daga gidan ceton suka duba gidanmu. Na zaci tsabta za su duba, ashe haɗari suke nema. Suka tambaya ko rijiya tana da murfi, ko durom ɗin ruwa a buɗe yake kwana, ina nake ajiye risho da dutsen guga. Dabbar da ke faɗuwa ba ta san inda take ba a lokacin, tana iya afkawa ruwa ko wuta. Suka ce in riƙa tattara zare da allura, domin mage in ta haɗiyi zare yana iya yanka mata hanji. Sannan suka tambayi abin da muke kashe sauro da kyankyaso da shi. Nan maigida ya fito da kwalbar fiya-fiya daga ƙarƙashin gado, kamar yadda za a samu a gidaje da yawa a unguwarmu. Suka ce sai an fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Gubar da ke ciki jijiyoyi take kamawa, kuma ita kaɗai tana iya sa lafiyayyiyar mage ta dalalar da miyau, ta yi ta karkarwa, ta faɗi ta mutu. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan guba a shaguna da kasuwanni, amma har yau ba ta yi wuyar samu ba. Muka koma gidan sauro da raga a tagogi.

Na sa hannu a takarda. Magen tasu ce, ni riƙo nake yi. Su ne da kuɗin magani da na gwaji, ni ce da abinci da kula. Ba zan ba wa kowa ita ba, ba zan bar ta ta fita titi ba, kuma duk ranar da na ga ba zan iya ba, in kira su, kada in yasar da ita.

Da na ɗauko ta daga gidan ceton ba gida muka wuce ba, asibitin dabbobi muka je a Ikeja, wajen likitar da suke hulɗa da ita. Tambayar Hajiya na fara yi mata: ana ɗauka? Ta ce a'a, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta numfashi, ko ta taɓawa, a dabba ko a mutum. Amma ta ce tambayar tana kan hanya, domin a ƙasar nan duk dabbar da aka ga tana dalalar da miyau tana abin da ba a saba gani ba, abin da ya kamata a fara tunani shi ne ciwon haukan kare, wanda mage ma tana kamuwa da shi, kuma yana kashe mutum. Bambancin shi ne dabbar da wannan ciwo ya bayyana a jikinta da wuya ta wuce kwana 10 a raye. Toka kuwa ta yi watanni a hannunsu, tana faɗuwa tana tashi garau, kuma an yi mata allurar rigakafi. Ta nuna mini katin. Na ɗauki hotonsa a waya don in nuna a gida.

Sannan ta yi mini bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Faɗuwar alama ce, ba ita ce tushen ciwon ba. Ƙwaƙwalwa da saƙonnin lantarki take aiki, in suka rikice suka tashi gaba ɗaya, jiki sai ya ƙwace. Abin da ke jawo rikicewar yana da yawa. Wani daga wajen ƙwaƙwalwa yake: guba, faɗuwar sukarin jini, ciwon hanta ko na ƙoda. Wani a ciki yake: bugu a ka, ƙwayar cuta, ko ƙari, musamman a tsohuwar mage. Wani lokaci kuma a bincika duka ba a ga komai ba. An yi wa Toka gwajin jini, sukari da hanta da ƙoda duk lafiya. Hoton ƙwaƙwalwa ba a yi ba saboda tsadarsa. Da shekarunta, da tabon da ke kanta, da yadda take warwarewa sarai tsakanin faɗuwa da faɗuwa, likitar ta ce a ɗora ta a kan magani a ga yadda za ta karɓa.

Sunan maganin fenobabiton. Tsohon magani ne, fiye da shekara 100 ana ba mutane masu farfaɗiya shi, kuma shi ake fara ba kyanwa. Da nauyin jiki ake auna shi. Toka kilo 3 da rabi take, saboda haka ƙwaya mai miligiram 30 nake rabawa huɗu, ta sha kashi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, awa 12 tsakani. Wannan awon nata ne ita kaɗai, kada wani ya karanta ya kwaikwaya. Na zaɓi ƙarfe 7 na safe da 7 na yamma, saboda a Legas magariba ba ta nisa da wannan lokaci duk shekara, ga shi kuma da safe na riga na sallami yara makaranta.

Raba 'yar ƙaramar ƙwaya gida huɗu aiki ne. Sabuwar reza nake sawa, in ɗora ƙwayar a kan farar takarda, in danna a tsakiya a hankali, in juya kowane ɓari in sake dannawa. In na yi gaggawa sai ta zama gari. Ba ta shi ma wani aikin ne. Da farko a cikin kifi nake cusawa, ta cinye kifin tas ta bar mini ƙwayar a gefen kwano. Sai likitar ta koya mini da hannu. In zauna a tabarma, in naɗe ta da zane in bar kai kawai, in kama ƙasusuwan kumatunta ta sama da hannun hagu, in ɗaga kan sama har baki ya ɗan buɗe da kansa, in jefa ƙwayar can ƙarshen harshe, in rufe bakin ina shafa maƙogwaro. In ta lashi hanci, ta haɗiye. Sai in bi da ɗan ruwa a sirinji marar allura don kada ƙwayar ta maƙale. Da tafiya ta yi tafiya, ita da kanta take zuwa ta zauna a tabarmar in lokaci ya yi, domin ta san kifi na biye.

Makonnin farko maganin ya sa ta barci da tangaɗi. In ta zo hawa kujera sai ƙafafun baya su zame. Ga ci, ga shan ruwa. An riga an gaya mini haka za ta yi har jikinta ya saba, amma gani ya kori ji, sai da hankalina ya tashi. Likitar ta ja mini kunne a kan abu ɗaya: kome na gani, kada in tsayar da maganin da kaina. Jikin da ya saba da fenobabiton, in aka yanke masa kwatsam, yana iya shiga faɗuwar da ta fi ta da muni.

Faɗuwarta ta farko a hannuna da rana ce, ina kan keke. Na ji wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba, mai kauri, daga can ciki. Da na juya, tana tsaye a tsakar ɗaki, baƙin idonta ya buɗe ya cika ido, gefen fuskarta na hagu yana tsuma, kunne yana kaɗawa, baki yana tauna abin da babu. Miyau ya fara zuba. Sai ta kife a gefe guda, jiki ya sanƙare, kai ya lanƙwashe baya, ƙafafu huɗu suna ta harbin iska, fitsari ya zubo. Hannuna ya so ya kai gare ta, amma na tuna abin da aka ce: kada a riƙe ta, kada a sa mata komai a baki. Mage ba ta haɗiye harshenta, kuma a wannan hali tana iya cizo har ƙashi ba ta sani ba. Na ja kujera da almakashi nesa da ita, na kashe rediyo, na saki labule, na dubi agogo, na kunna bidiyo a waya hannuna yana rawa. Na rantse a raina an yi minti 10. Da na duba bidiyon, daƙiƙa 50 ne.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni tausayi. Ta tashi tana layi, tana cin karo da bango, ba ta gani sosai, ba ta san ni ba. Na zauna a ƙasa ina kiran sunanta a hankali. Bayan kamar rabin awa ta zo ta shinshina hannuna, ta wuce wajen kwano ta ci abinci kamar wadda ta kwana biyu ba ta ci ba, ta kwanta ta yi barci har la'asar.

Hajiya tana bakin ƙofa, ta ga komai, tana ta salati. Ba ta ce uffan ba sai da dare, da maigida ya dawo. Na zaci za ta ce a mayar da ita. Sai ta ce, "Wannan baiwar Allah tana shan wahala. Tunda kin ɗauko, sai ki riƙe amana. Kin dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage." Ta kuma tuna mana matar nan mai farfaɗiya da ta je wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka yi mata albishir da Aljanna in ta yi haƙuri. Daga ranar Hajiya ce mai tsaron lokaci. Ko ina tsakiyar yanka yadi, sai in ji ta daga ɗaki: "Ke 'yar nan, bakwai ta yi."

Na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace faɗuwa ina rubuta rana, da lokaci, da tsawonta, da abin da take yi kafin ta faɗi, da yadda ta farfaɗo. Littafin nan da bidiyon su ne idon likita, domin ba ta taɓa faɗuwa a gabanta ba. A cikinsa na gano cewa yawanci daga barci abin yake taso mata, kuma kafin ya zo takan yi ta bina tana kuka ko ta shige ƙarƙashin gado. A cikinsa kuma na gane cewa ba kullum take kifewa ba. Wani lokaci fuska ce kawai ke tsuma, miyau ya zuba, ko ta zabura ta zagaye ɗaki a guje ba abin da ya kore ta. Likitar ta ce wannan ma farfaɗiya ce, kuma a kyanwa irin wannan ƙaramar tana da yawa, shi ya sa masu su ba sa ganewa. Ta tambaye ni ko ƙarar makullai, ko cokali a kan tangaran, ko murza leda na tayar mata da shi, domin wani bincike da aka yi a Ingila aka buga a 2015 ya nuna akwai kyanwoyin da siririn sauti ke kayar da su, yawancinsu tsofaffi. Na lura, ban ga haka a Toka ba.

Bayan mako 2 zuwa 3 da fara magani ake ɗibar jini a ga yawan da ya zauna a jiki. Nata ya yi ƙasa kaɗan, aka ɗan ƙara. Daga nan faɗuwar ta fara ja baya.

Maƙwabta sun fi ciwon wahalar sha'ani. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, labari ba ya ɓuya. Wata ta hana 'ya'yanta shigowa ɗakina. Wata ta ce in ta taka miyan magen, cikin da take ɗauke da shi zai fito da ciwon. Wani dattijo, da kyakkyawar niyya, ya kawo mini turare ya ce in riƙa yi mata hayaƙi. Wani yaro ya ce in ɗura mata Panadol, alhali ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka ma maganin kaska na karnuka mai sinadarin fametirin, in aka shafa wa mage, karkarwa da faɗuwa ne ke biyo baya. Ban yi faɗa da kowa ba. Katin rigakafi nake nunawa, in faɗi abin da likita ta ce. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin irin maganganun nan su ake yi wa 'yan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in suka samu magani yadda ya dace. Duk da haka na taso ina gani yaro ya faɗi a layi, a watse a bar shi, ko a danna masa cokali a baki har haƙori ya karye. In da a kan magen nan wani a gidanmu ya koyi cewa a kwantar da mai faɗuwa a gefe, a kawar masa da abin da zai ji masa ciwo, a duba agogo, to ni wannan ya ishe ni.

Samun maganin ma sai da shiri. Yana cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Wasu in suka ga an rubuta na mage ne sai su yi ta juya takardar. Na koyi kada in bari ya rage ƙasa da na mako 2 ban nemi wani ba.

Dare mafi muni a watan Disamba ya zo, lokacin da yara ke ta fasa banga a unguwa. Ko ƙarar ce ta firgita ta, ko dama abin zai zo, Allah ne masani. Ta faɗi bayan isha'i, ta farfaɗo, ta sake faɗuwa kafin sha biyu. An riga an ba ni ƙa'ida: in faɗuwa ɗaya ta kai minti 5, ko ta maimaitu a cikin yini guda, ko ta sake faɗuwa ba ta gama dawowa hayyacinta ba, to ba a jiran safiya. Doguwar faɗuwa tana ɗaga zafin jiki, tana iya lalata ƙwaƙwalwa. A karo na uku agogo ya wuce minti 3 ba ta tsaya ba. Na kira likitar, ta ce in yi amfani da maganin gaggawar da ta ba ni, diyazefam na ruwa da ake matsawa ta dubura. Maigida ya haska mini fitilar waya saboda an ɗauke wuta, Hajiya tana fifita ta da mafici, ni kuma na jiƙa tsumma ina shafa mata tafin ƙafa. Jikin ya saki. Maigida ya tashi wani abokinsa mai mota, muka kai ta Ikeja cikin daren. Ta kwana a can da ƙarin ruwa. Da safe aka haɗa mata magani na biyu, lebetirasitam, wanda shi sau 3 ake sha a rana, awa 8 tsakani. Na koma tashi da dare. Likitar ta ce diyazefam ɗin na gaggawa ne kawai, ba a mayar da ƙwayarsa abin shan kullum ga mage, saboda yana iya lalata mata hanta farat ɗaya. Akwai kuma wani gishirin magani da ake ba karnuka masu farfaɗiya, shi ma ba a ba mage, huhu yake kama mata.

Bayan wannan dare abubuwa suka daidaita. Shafukan littafin suka koma ranaku da alamar an sha magani kawai. Ba warkewa ta yi ba, kuma tun farko an gaya mini ba warkewa ake nema ba. Abin da ake so shi ne faɗuwar ta yi nisa da juna, ta gajarta, magen ta yi rayuwarta. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi sheƙi, ta fara farautar tsaka a bango, tana kwana a kan ragowar yadi a gefen kekena.

Da aka fara nema mata gida, na roƙi a bar ni in gana da duk wanda ya nuna yana so. Mutane sun zo, sun ga kyanta, da suka ji maganar agogo sai suka janye, kuma ban ga laifinsu ba. Gara wanda ya ce ba zai iya ba tun yanzu. Ni ma na yi tunanin riƙe ta, yara sun yi kuka a kan haka. Amma mukan tafi Katsina da Babbar Sallah mu daɗe, tafiyar yini guda cur a mota cikin zafi, kuma babu wanda zan bar wa amanar magani sau 3 a rana.

A ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, mazauniyar Surulere, ita ta ɗauke ta. Ta san farfaɗiya fiye da ni. Duk da haka sai da ta zo gidanmu ta ba ta magani da hannunta a gabana kafin in yarda. Na miƙa mata littafin, da katin rigakafi, da ragowar ƙwayoyi, da zanen da nake naɗe ta da shi. Hajiya ta ce in gaya mata da Turanci cewa Toka ba ta son a taɓa mata ciki, kuma kifin sai an cire ƙaya. Gwajin jini da na hanta duk wata 6 ne, na rubuta mata ranar na gaba a bangon littafin. Gidan ceton sun sake kirana a kan wani muzuru mai karyayyar ƙafa, na ce su bari mu dawo daga Sallah.